Baƙin Keken Bappayo

Jimeta,
12 ga Oktoba, 2014.

Zuwa ga mai girma, aminina na haƙiƙa, Malam Ishmael, jakadan Adamawa a ƙasar Kuros Riba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da ɗalibanka da ruwan saman da ka ce ba ya gajiya. Idan ka tambaye mu, muna nan lafiya, sai godiyar Allah. Hajjata tana gaishe ka. Jiya na leƙa gidanku a Shagari Low Cost, na tarar da Mama tana makin jarrabawar 'yan ajinta, ta ce in gaya maka ka rage rowar takarda. Ƙanwarka Kezia ta koma makarantar koyon jinya a Mubi tun farkon wata, da garin kwakin da Mama ta ɗaura mata da nasihohin da ni na ɗora mata, waɗanda ta ce sun fi garin nauyi. Ka ga ke nan ban manta da rantsuwar da na yi maka a tasha ranar da ka tafi bautar ƙasa ba, lokacin da na ɗaga hannu a gaban direbobi na ce muddin ina numfashi, ko ƙuda ba zai sauka a kan iyalinku ba sai da izinina. Na tuna Kezia har riƙe ciki ta yi don dariya.

Tunda ƙauyen da aka jefa ka sai an hau bishiya ake samun sabis ɗin waya, na koma ga alƙalami kamar sauran manyan mutane. Maƙasudin wannan takarda shi ne in gabatar maka da rahoton Kwamitin Ƙoli na Zaɓen Keke, wanda ni ne shugabansa, ni ne sakatarensa, ni ne kuma ɓangaren adawa. Kamar yadda muka tsayar, idan ka zo hutun Kirsimeti za mu hau keke daga Yola har kan tsaunin Mambila. Tsohuwar hanyarmu ta arewa, ta Song da Zumo da Maiha, kwamiti ya jingine ta har sai mutanen nan masu tayar da ƙayar baya sun fita daga Michika da Madagali. Amma kundina yana nan, littafin nan mai baƙin bango da na shekara ina cikawa da taswirarta. Kowace rijiya, kowace gada da za a sha inuwa a ƙarƙashinta, ranar kasuwar kowane gari domin sayen guzuri, da makarantu da masallatai da coci-coci inda matafiyi zai roƙi wurin kwana, duk na zagaye su da jan biro. Tarihi zai gode mini.

Bayan mako uku ina zarya a layin masu kekunan Beljiyam, na mallaki wani jan keke da ba a taɓa ganin irinsa ba tsakanin kogin Binuwai da Namtari. Jikinsa alminiyam ne, da yatsa biyu nake ɗaga shi. Giyarsa ashirin da ɗaya: akwai ta hawan tudu, akwai ta gangara, akwai kuma ta wucewa a hankali ta ƙofar gidan su yarinya. Na haɗa masa korayen jakunkuna biyu masu ratayuwa a gefen tayar baya, da tanti, da hular kwano, da fitilar da ake ɗaurawa a goshi, da wani ɗan faifai mai kama hasken rana ya yi wa waya caji.

Daga nan na kai shi gaban Bappayo domin ya sa albarka. Ka tuna da shi, ƙanin kakana mai gyaran keke a gindin darbejiya kusa da kasuwa, wanda ya shekara talatin yana yawon kasuwannin ƙauye da kayan gyara kafin gwiwa ta zaunar da shi. Bai sa albarka ba. Ya zagaya keken sau biyu kamar mai duba akuyar da ake zargin tana da ciwo. Ya tambaye ni wane mai faci ne a ƙauye yake ajiye irin wannan tayar. Ban sani ba. Ya tambaye ni wa zai yi wa wannan ƙarfen walda idan ya tsage. Nan ma ban sani ba. Sannan ya ɗora tafin hannu a kan kariyar baya, wato wurin ɗora kaya, ya danna, sai ga ta ta lotsa. Ya ce keken da ba zai ɗauki mutum na biyu ba kayan ado ne. Ya nuna mini tsohon baƙin kekensa mai sirdin fata da kariyar rodi da ya haɗa da hannunsa, ya ce buhu biyu na masara yake ɗauka. Na amsa cikin ladabi cewa gidan tarihi yana cigiyar irinsa.

Hukuncin da ya yanke mini shi ne in zauna in kalli yadda ake faci. Kowa manna roba yake yi ya wuce. Shi kuwa biyu yake yankawa, ƙarami da babba, ya fere bakin kowanne da reza har ya yi siriri kamar ɓawon albasa, ya shafa sholisho, wato gam ɗin faci, ya kyasta ashana a kai wuta ta ci na ƙiftawar ido, ya kashe ta da tafin hannu, sannan ya ɗora ƙaramin ya rufe da babban. Rabin awa a kan huda ɗaya.

Abu ɗaya ne ya rage mini armashi. Shekaranjiya na fita gwaji da cikakken kaya na nufi gadar Binuwai. Ka san yanzu kowa sauka yake yi a shingen sojoji ya tura kekensa. Da sojan ya hango jakunkuna a cike, ga wayar faifan tana leƙowa, sai ya ja da baya ya ɗaga bindiga. Mutanen da ke layi suka watse, wata mata ta bar faranti cike da ayaba a ƙasa. Sai da na zazzage komai a kan kwalta, har da ɗan kamfaina. An yi dariya daga baya, ni ma na yi. Amma tun ranar, ramin bakin bindigar nan bai bar idona ba. Ban gaya wa Hajja ba.

Ka kula da kanka, ka ci abinci, domin Mambila ba ta san mai rama ba.

Naka har kullum,
Mu'tasim, Shugaban Kwamiti.

*

Jimeta,
2 ga Nuwamba, 2014.

Ɗan'uwana Ishmael,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Mama tana nan da lafiyar jiki, Hajja ma haka. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. Yau manyan kalmomina sun gudu sun bar ni.

Na san labarin ya iso ku ta rediyo cewa ranar Laraba mutanen nan sun shiga Mubi. Kezia tana da rai. Ka fara riƙe wannan kafin ka karanta saura.

Kwana uku ni da Mama muna tsaye a tasha tun safe har lokacin dokar hana fita. Motoci suna shigowa da mutane har kan rufi. Mama tana riƙe da hoton Kezia cikin kayan mawaƙan coci, tana nuna wa duk wanda ya sauko. Wasu su girgiza kai, wasu ko ɗaga ido ba sa iyawa. Wata 'yar ajinsu ta ce tare suka fita ta bayan makaranta suka shiga daji, da aka fara harbi kowa ya yi ta kansa, kuma silifas ne a ƙafar Kezia.

Jiya Asabar da hantsi wata baƙuwar lamba ta kira Mama. Ita ce. Wani mai shanu ne ya ara mata waya a kan wani dutse inda ake kama sabis ɗin Kamaru. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Ta ce silifas ya tsinke tun ranar farko, ƙaya da duwatsu sun farfasa mata ƙafafu, sun kumbura suna ruwa, ga zazzaɓi, ko tsayuwa ba ta iya yi. Ayarin da take bi ya wuce ya bar ta a hannun wata tsohuwa, a wata ruga gaba da Zumo, kusa da mashigin rafi mai giginya uku. Mutanen rugar su ma ɗaure kaya suke yi, za su tashi cikin 'yan kwanaki. Ta kuma ce ƙafar hagun ta fara wari. Ɗalibar jinya ce. Ta san abin da take faɗa. Daga nan layi ya yanke.

Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙarfin halin cikinsu ya ce iyakarsa Song, ba zai sa tayarsa a hanyar Zumo ba, domin ana cewa mutanen nan suna gangarowa ta daji. Babur kuwa ka san an hana, kuma a wancan yankin duk wanda aka ji ƙarar babur ɗinsa, harbi ake fara yi kafin tambaya. Sai Mama ta ce za ta tafi da ƙafa. Mace mai hawan jini.

Ina zaune a falonku ina kallon ta tana ɗaura kallabi, sai rantsuwar nan ta tasha ta dawo mini kalma bayan kalma. Da wasa na yi ta, kai ma ka sani. Ban taɓa zaton za a zo karɓa ba. Ishmael, ni matsoraci ne. Ban taɓa kwana a daji ba, tantin ma a tsakar gidanmu na gwada shi. Amma na duba, abin da zai shiga inda mota ta ƙi, kuma ba tare da ƙara ba, keke ne kawai, ni ne kuma wanda ya cika wa gari kunne da cewa shi gwanin doguwar tafiya ne.

Na gaya wa Mama ta kwance kallabinta. Kada ka taso. Kafin ka iso, abin da zai faru ya riga ya faru. Ka yi addu'a irin taku, Hajja tana yin irin tamu.

Naka,
Mu'tasim.

*

Jimeta,
4 ga Nuwamba, 2014.

Aminina Ishmael,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan takardar a hannun Bappayo zan bar ta, da sharaɗin idan kwana goma suka cika ban dawo ba ya aika maka. Saboda haka idan kana karanta ta, ka yi haƙuri da ni.

Ina sanar da kai cewa an yi wa kwamiti juyin mulki. Jiya na je wurin Bappayo a kan jan kekena da cikakken kaya. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya zauna a kan kariyar, ya ce in kai shi bakin titi. Ba mu yi taku goma ba ta karye, tsoho ya zauna a ƙasa. Daga inda yake zaune ya tambaye ni ko a aljihu zan sako yarinyar.

Ya shiga cire kayana ɗaya-ɗaya yana jefawa gefe. Hular kwano: ya ce mutanen nan za su ɗauke ni soja. Korayen jakunkuna: ya ce sojoji za su ɗauke ni mutanen nan. Faifan caji da fitilar goshi ko magana bai yi a kansu ba. Tantin ya ɗaga ya tambaye ni ko biki za ni. Daga nan ya turo baƙin kekensa, wanda ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa ara wa ba. Ya ɗaure matashi a kan kariya, ya sa aka yi waldar ƙarafa biyu a gefen tayar baya inda za ta ɗora ƙafa. Ya rataya jarkar ruwa a gaba. A cikin tsohon buhu ya sa mini tiyub biyu, famfo, sifana, igiyar roba, reza, ashana da gwangwanin sholisho. Mama ta kawo bandeji da magunguna da zane. Hajja, da na gaya mata, ta daɗe tana kallon carbinta, sannan ta tashi ta ƙulla mini dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ta ɗauko tsohuwar rigar noman Baba da malfarsa. Na duba madubi, na ga wani talaka da ban sani ba.

Sauran yinin a kan faci ya ƙare. Ya ce hanyar Zumo ƙaya ce zalla, kuma faci guda ɗaya ba ya riƙe nauyin mutum biyu a cikin zafin rana. Da kansa yake huda tiyub da ƙusa ya miƙo mini. Sau goma na yi. Duk lokacin da na yi ha'inci wajen fere baki, sai ya buge mini hannu da sifana. Duk lokacin da na hura wutar da baki don tsoron ƙuna, sai ya ɓare facin ya ce in sake. Tafina ya yi ja.

Zan yi maka ikirari guda. Ya hana ni ɗaukar kowace irin takarda, ya ce in riƙa tambayar mutane hanya. Amma idan ƙauyukan babu kowa, wa zan tambaya? Kundina yana da kowace rijiya daga nan har Maiha. Na soke shi a cikin riga, bai gani ba.

Wasiyyata ga al'umma ita ce: jan keken naka ne, ka gyara kariyar. Ka riƙa leƙa Hajja. Ina so in rufe da wata magana mai nauyi wadda za a riƙa tunawa, amma gari ya waye, an buɗe gada.

Naka,
Mu'tasim.

*

Jimeta,
13 ga Nuwamba, 2014.

Zuwa ga Ishmael, bayan gaisuwa da godiya ga Allah.

Ina fatan hankalinka ya kwanta tunda Mama ta same ka a waya. Na fito daga asibiti ke nan. An cire wa Kezia ƙananan yatsu biyu na ƙafar hagu, amma ƙafar ta tsira, zazzaɓin ma ya sauka. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, da wata maganar ake yi. Na karɓo takardar da na bari wurin Bappayo na haɗa maka da wannan, ka karanta ta tukuna. Abin da ke biye ban gaya wa Mama ba, ban gaya wa Hajja ba.

A gada, sojan da ya taɓa auna ni da bindiga ko kallo na biyu bai yi mini ba. Ya leƙa buhu ya ce in wuce. Babu direban da ya yarda ya ɗauki saurayi shi kaɗai da ya nufi arewa, don haka da ƙafafuna na tuƙa har Song. Duk hanyar mutane ne suke gangarowa, da katifu da tukwane da tsofaffi a baro, ni kaɗai nake haurawa. Kowa ya bi ni da ido. Na gane abin da suke tunani: wa zai nufi can idan ba nasu ba ne?

Washegari na bar kwalta. Yashi da ƙaya, huda uku kafin azahar. Abin da ya fi tsorata ni shi ne shirun. Dawa ta nuna a gona babu mai girbi, ƙofofi a buɗe, akuya tana tsaye a cikin masallaci. Ƙarar sarƙar kekena sai na ji kamar ana jin ta har Mubi.

Da la'asar na iso wani mashigin rafi, sai mutane suka fito daga cikin ciyawa, su kusan goma, da bindigogin toka da layu. Mafarauta ne masu gadin yankin. Suka zazzage buhu. Bandeji da magunguna suka fara ɓata musu rai, domin an ce akwai masu kai wa mutanen nan magani a daji. Ina cikin bayani sai ɗaya ya lalube ni, kundi ya faɗo.

Akwai mai karatu a cikinsu. Ya buɗe ya shiga karantawa da ƙarfi, da rubutuna, da jan birona. Kasuwar gari kaza, rana kaza, ta fi cika da azahar. Cocin gari kaza, ba shi da katanga, maigadin tsoho ne. Gada kaza, babu mai zama a ƙarƙashinta. Makarantar firamare, tagogin baya a karye. Ishmael, shekara guda ina rubuta littafin nan, ban taɓa jin yadda yake a kunnen wani ba sai ranar.

Na ce musu yawon buɗe ido ne. Na ce akwai mutane a duniya da suke hawan keke kwana da kwanaki don nishaɗi kawai. Ina faɗa ina jin yadda maganar take ƙara nutsar da ni, domin a cikinsu babu wanda ya taɓa hawan keke sai don wahala. Suka ɗaure mini hannu ta baya da igiyar robata, suka zaunar da ni. Suka koma Fulatanci, suna zaton ɗan birni ba ya ji. Wasu suka ce a kai ni wurin sojoji. Wani ya ce tafiyar da nisa, ga rafi kusa. Ba zan ɓoye maka ba, fitsari ya kuɓuce mini a cikin rigar Baba. Abin da yake yawo a kaina shi ne Kezia tana nan gaba kaɗan, za ta yi ta jira, kuma ba za ta taɓa sanin an zo ba.

Akwai wani dattijo a cikinsu, suna kiran sa Muktar, wanda tun farko bai kalle ni ba. Yana tsugune gaban keken yana shafa waldar kariya. Can ya ce wannan keken Bappayo ne na Jimeta, shekara bakwai ya yi yana koyon gyara a hannunsa. Na ji sanyi a raina, amma na ɗan lokaci ne, domin ya ƙara da cewa Bappayo ba ya ara wa kowa kekensa, saboda haka ko dai na sace, ko na kashe tsohon. Ya zaro wuƙa ya taso. Na rufe ido na yi shahada. Sai na ji fitar iska. Tayar baya ya soka. Ya yanke igiyar hannuna, ya tura mini buhu da ƙafa.

"Idan shi ya ba ka, ya koya maka," in ji shi. "Yi faci mu gani."

Ban san yadda zan kwatanta maka fere bakin roba da reza ba alhali bindigogi suna kallon ƙeyarka. Na yanke babban yatsana, jini ya ɓata na farko, na sake yanka wani. Zuciyata tana ce mini in manna guda ɗaya in huta, bayan hannuna kuma yana tuna sifana. Na yanka ƙarami, na yanka babba. Ashana ta farko ta karye, ta biyu iska ta kashe. Ta uku ta kama, wuta ta tashi a kan sholisho, na kife tafina a kanta.

Muktar ya karɓi tiyub ɗin ya bi bakin facin da farce. Ya gaya wa sauran cewa ɓarawo yana iya satar keke, amma wannan sai wanda ya zauna a gindin darbejiyar ya sha duka. Ya nuna musu tafin hannunsa, ya nuna nawa. Kundin kuwa a gabana suka cinna masa wuta da ashanata.

Shi ya raka ni har giginya uku. Mun tarar an riga an ɗora wa jakuna kaya, da safe za su tashi. Kezia tana kwance a kan tabarma, ƙafafun a naɗe da tsumma. Ta daɗe tana kallon malfata kafin ta gane ni. Leɓɓanta duk sun tsage, amma abin da ta fara cewa shi ne, "Shugaban kwamiti, ina jan keken?"

Dawowa kwana biyu muka yi zuwa Song. Zazzaɓi yana sa ta zamewa, sai na ɗaure ta a bayana da zanen Mama kamar goyo. Inda yashi ya yi yawa in kwance ta, in sauka in tura, ita tana rungume da sirdi. Sau biyu muka ji harbi daga nesa, muka kwanta a cikin dawa har ya lafa. Kariyar ko motsi ba ta yi ba. A Song wata babbar mota ta ɗauke mu har da keken.

Jiya na mayar wa Bappayo da abinsa. Na ba shi labari duka, har da kundin. Bai yi faɗa ba. Ya ciro tiyub ɗin ya duba facin, ya ce bakin ya yi kauri.

Har yanzu ko murfin tukunya ya faɗi sai na zabura. Maganar Mambila a bar ta tukuna.

Naka,
Mu'tasim.

*

Jimeta,
20 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga mai girma Malam Ishmael, wanda Kalaba ta riƙe ta hana mu.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mama tana nan, ta yi ritaya amma ba ta daina ba mutane maki ba. Kezia tana aikinta a asibiti, ɗingishin sai wanda ya sani yake lura. 'Yarta Hadassah ta fara tambayar dalilin da ya sa yatsun ƙafar uwarta takwas ne, ita kuwa ta ce ta je ta tambayi kawunta na kwamiti.

Hotunan kekuna bakwai da ka turo mini a waya sun iso, tare da saƙonka cewa shekara goma ta isa, bana sai Mambila. Na ƙi amsawa a waya domin amsar ta fi ƙarfin babban yatsa.

Bappayo ya rasu da daminar nan, ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne ya bar wasiyya a ba ni baƙin keken. Yana nan a zaurenmu. Tiyub ɗin ranar kuwa tuntuni na rataye shi a ƙusa a ɗakina. Robar ta bushe ta tsattsage, facin yana nan daram. Muktar ya zo ta'aziyya, ya tsufa, mun gaisa, kowa ya kalli tafin ɗan'uwansa.

Ga gaskiyar da nake ta rufewa da barkwanci. Tun daga waccan tafiyar ban ƙara haye gada a kan keke ba. Kasuwa da masallaci ne iyakata. Idan na ji warin sholisho, sai in canja hanya. Duk shekarar da ka tayar da maganar nakan ce aiki, ko in ce ruwa bai ɗauke ba. Ba aiki ba ne. Tsoro ne, kuma ban ga alamar zai tafi don kansa ba.

Saboda haka kwamiti ya zauna, ɓangaren adawa ya yi iya ƙoƙarinsa, an kayar da shi da ƙuri'a ɗaya. Ka zo a Disamba. Ni baƙin zan hau, ba kundi, ba jan biro. Za mu riƙa tambaya. Idan ka ga na tsaya a bakin gadar farko na daɗe, kada ka yi magana, ka jira ni kawai.

Game da kekunanka bakwai, ka zaɓi launin da ka ga dama, giya ko ɗari ce ba ruwana. Amma kafin ka ɗauko, ka sa mai shagon ya zauna a kan kariyar, ka tuƙa shi har bakin titi. Idan kun isa, shi ne keken.

Naka har kullum,
Mu'tasim.